Kuɗin Kwantiragin Mukhtar

Zangona na farko a Ingila wani ɗaki ne a Ardwick, cikin Manchester, a saman shagon mai sayar da tsofaffin kujeru. Na zo ne a matsayin direban wani likita ɗan garinmu da ya zo ƙarin karatu. Da ya gama ya koma gida, ni kuwa na ce zan ɗan tsaya in tara kuɗin motar haya. Yau shekara talatin da ɗoriya ke nan ban sayi motar ba. Sunana Isyaku, mutumin Gwarzo ne ni, karatuna kuma bai wuce aji biyu na sakandare ba. Wanda ya ga rubutun nan ya karkace sai ya yi mini uzuri.

Wanda ya fara cutata a ƙasar nan da Hausa ya yi mini sallama. A bakin masallaci muka haɗu, ya ce sunansa Alhaji Sule, yana samar wa mutane aikin wanke motocin bas. Ya kawo takarda mai shafi huɗu, ya ɗora yatsa a kan adadin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a sama, ya ce, "Ka ga abin da za ka riƙa ɗauka duk mako. Sa hannu, ɗan'uwa, mu ai ba ma cutar juna."

Na sa. Ranar biya aka miƙo mini abin da bai kai rabi ba. An cire kuɗin ɗaki, an cire na motar da ke kai mu, an cire na rigar aiki, har da na safar hannu. Da na yi magana sai ya buɗe shafi na uku, ya nuna mini ƙananan rubutu, ga sa hannuna a ƙasa. Wata bakwai na yi ina kankare cingam a kujerun bas kafin in kuɓuta. Tun daga nan, in aka nuna mini babban adadi a saman takarda, shafi na uku nake nema.

Sanyi bai dame ni kamar shiru ba. Mahaifiyata takan aiko mini da kaset ta hannun masu zuwa. Maganar ba ta da yawa, gaisuwa ce da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Amma ni abin da ke bayan muryarta nake saurare: zakara yana cara, ana daka a maƙwabta, wata akuya tana ta kuka. Sai in mayar da kaset ɗin baya don akuyar nan, ina tuƙa tuwon garin dankali a ƙaramar tukunya.

Zango na biyu wani babban asibiti ne a Oxford Road, inda na samu aikin tura gadon marasa lafiya. A nan na yi kusan shekara talatin, a nan kuma na haɗu da Desmond, mutumin Jamaika, dogo mai dariya da ƙarfi. Ya kasa faɗin sunana, sai ya riƙa ce mini Aizik. Ranar da ya gan ni ina rawar ɗari a tashar bas, washegari ya zo mini da kwat ɗinsa, ya ce wai ta yi masa kaɗan. Ƙarya yake yi, don ni har gwiwa ta zo mini. Shi ya riƙa riƙe mini aiki duk Juma'a in je masallaci, shi kuma ya raka ni wajen lauyan da ya daidaita takarduna. Da abubuwa suka zauna na je gida na auro Rabi, hukumar gari, wato council, suka ba mu flat mai ɗaki biyu a Ardwick. A nan aka haifi ɗanmu na fari.

Bari in rubuta sunansa tun yanzu: Mukhtar. Bakina ya yi shekara ashirin da bakwai bai faɗe shi ba.

Ni ma ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba, in aka yabe ni sai ya kau da kai. Ban taɓa jin ciwon haka ba, don a gidanmu na Gwarzo akwai Baffa Ado da ke goya ni a keke zuwa kasuwa, akwai kaka da ke ɓoye mini ƙanzo, kuma kowane yaro a unguwar ya san kunyar ɗan fari ce ba ƙi ba. Sai na ɗauko al'adar nan cak na kawo ta flat ɗin da babu baffa, babu kaka, babu wanda zai gaya wa yaro ma'anarta. Rabi ta yi wata uku tana alkunya, sannan ta ajiye ta, ta ce ita kaɗai yaron yake da ita. Ni kuwa na riƙe. "Kai" nake ce masa, ko "yaron nan". Da aka haifi ƙanwarsa Zainab, har waƙa nake yi mata. Mutanenmu ma sun gane in sun ce Baban Mukhtar sai in yi kamar ban ji ba, don haka kowa ya koma Baban Zainab.

Yaron ya taso ƙato. Yana shekara goma sha biyu takalmina ya yi masa kaɗan. A makaranta suka sa shi wasan zari-ruga, ran nan ya shigo da kofi a hannu yana haki, ya miƙo mini. A zuciyata na ji kamar in tashi sama. Da bakina na ce, "Kai wa uwarka."

Desmond ne yake zuwa kallon wasansa ranar Asabar. Wata rana muna tura gado ya ce, "Aizik, iyayen yara sun ɗauka ni ne ubansa. Yaushe za ka zo?"

Na ce, "A wajenmu ba a haka da ɗan fari."

Ya ce, "Shi ya sani?"

Na ce zai gane in ya girma. Muka shiga da gadon ɗakin hoto, maganar ta wuce.

Zango na uku Selly Oak ne, a Birmingham. Ba ni na zauna a can ba, amma can rayuwata ta karkata. Mukhtar ya samu shiga jami'a, yana karatun injiniya, na riƙa ƙarin aiki ranar Lahadi don kuɗin hayarsa. A can ya shiga ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu, a sa hular kwano da sulke a kafaɗa a yi ta karo. Aikinsa shi ne ya tsaya a sahun gaba ya tare ƙartin da ke son kayar da mai jefa ƙwallo. Saura shekara ɗaya ya gama sai wasu masu neman 'yan wasa suka gan shi, suka ce ya zo Amurka a gwada shi. Ya zo gida ya zauna a ƙasa kamar yadda uwarsa ta koya masa, ya faɗa mini.

Tsoro na ji. Na tuna takardar Alhaji Sule, na tuna samarin da nake turawa ɗakin tiyata da karyayyun ƙafafu. Da na iya cewa ina jin tsoro, da an wuce wajen. Amma uban ɗan fari ba ya faɗin haka. Sai na ce, ina kallon bango, "In ka tafi, ba da yawuna ba."

Ya tafi. Bai cika shekara ba jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka yi masa aiki, ƙungiyar ta sallame shi. Bai dawo Manchester ba. Ya sauka wajen Zainab, wadda a lokacin take karatun harhaɗa magunguna, tana haya a wani gida a bayan Bristol Road, a Birmingham.

Kwana uku na kasa cin abinci. A na huɗu na sayi kilishi da man zafi da zuma, na hau bas zuwa Birmingham. Zainab ta buɗe ƙofa ta yi tsalle ta rungume ni, ta ce, "Baba, yana sama, zo ka gan shi."

Na miƙa mata ledar, na ce, "Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi. Ka hau mana."

"A'a, a dai ce ina yi masa sannu."

Na juya na koma tasha. Wallahi a hanya har ina jin na yi abin kirki, don mahaifina ko ƙofar ma ba zai zo ba. Daga baya Zainab ta gaya mini ya ji muryata, ya ja sandunansa har bakin matakala, yana tsaye a can lokacin da ƙofa ta rufe. A duk kurakuraina wannan ne ba na son tunawa.

Ya warke, ya koma, wata ƙungiya ta ɗauke shi, a hankali ya zama cikin waɗanda ake fara wasa da su. Shekara huɗu muna gaisawa ta bakin Rabi. In ya kira ranar salla ta miƙo mini waya, sai ya ce, "Barka da salla, Baba." In ce, "Barka kadai." Shi ke nan.

Wata Juma'a a watan Maris, na yi ritaya ke nan, muna fitowa daga masallaci sai na ga samarinmu, likitoci da akantoci, sun taru a kan waya ɗaya. Wani daga cikinsu ya ɗago ya ƙwala, "Baban Mukhtar! Barka, barka!"

Na ce, "Na'am."

Ya nuna mini. Ƙungiyarsa ta tsawaita masa kwantiragi, shekara uku, dala miliyan talatin da shida. Aka yi ta miƙo mini hannu. Wani dattijo da ya taɓa ce mini ɗana ya zama ɗan dambe ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce shi tun farko ya ga alamar arziki a goshin yaron. Ni kuwa ina ta murmushi ina cewa, "Alhamdu lillahi, sai addu'a," kamar da ni aka yi shawara.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Rabi tana yanka albasa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Malam, na ji an raɗa maka sabon suna a masallaci. An ce har ka amsa."

Na cire takalmina na zauna.

"Sunan dai tsoho ne," in ji ta. "Kunnen ne sabo."

Daga nan waya ta fara. Wani ɗan ƙanena a Gwarzo ya ce ya buga kuɗin da naira, kwakuletarsa ta kasa ɗauka. Wani yana son rijiyar burtsatse, wani kujerar Makka, wani ya ce ashe a mafarki ya ga yaron a kan farin doki. Kowa ya ɗauka kuɗin suna ƙarƙashin katifata. Ba wanda ya san ko lambar wayarsa ba ni da ita.

Abin da ya dame ni daban ne. Na daɗe ina cewa wata rana zan ba shi haƙuri, ina jiran ranar da bakina zai yi laushi. Yanzu duk kalmar da zan faɗa, akwai dala miliyan talatin da shida a bayanta. Lokacin da yake kwance babu aiki babu gwiwa na tsaya a ƙofa. Yanzu da aka sa masa farashi ne zan shiga?

Na je wajen Desmond, wanda shi ma ya ajiye aiki, yana fama da ƙugu. Na gaya masa Mukhtar ya zo hutu yana Birmingham, amma ba zan iya zuwa ba, zai zaci don kuɗi ne.

Ya ce, "To, ya zata mana. Ka bar shi ya zaci abin da ya fi wannan muni tun yana yaro, bai kashe ka ba. Tashi ka tafi, Aizik, kana tare mini talabijin."

Na hau jirgin ƙasa da safe. A hanya na shirya abin da zan faɗa, har da rantsuwa. Zainab, wadda yanzu take aiki a wani kantin magani, ta ce yana wani fili kusa da tsohuwar makarantarsu yana atisaye. An yi yayyafi, ciyawa ta jiƙe, ruwa ya shiga takalmina. Na hango shi can nesa da wasu ƙarti huɗu, ya ba ni baya. Na ce, "Kai!" Ba wanda ya juyo. Na sake cewa, "Kai, yaron nan!" Wani Bature mai kare ne ya waiwayo.

Sai na cika ƙirji na ce, "Mukhtar!"

Ban san da ƙarfi haka zai fito ba. Har karen ya yi haushi. Ya juyo ya tsaya kamar an dasa shi, sannan ya tako a hankali. Sai da na ɗaga kai kafin in ga fuskarsa. Hausarsa ta Manchester ce, in ta ƙare masa sai ya koma Turanci, amma zan rubuta duka da Hausa.

Ya rusuna kaɗan ya ce, "Ina kwana, Baba. Mama lafiya?"

"Lafiyarta lau. Wajenka na zo."

Ya goge fuska da tawul, ya ce, "Ashe miliyan talatin da shida ne kuɗin jirgin Birmingham."

Maganar ta shige ni, amma na san na saye ta. Muka zauna a wani benci. Na gaya masa labarin mahaifina da Baffa Ado. Na gaya masa ranar kofi na shiga banɗaki na yi ta dariya ni kaɗai don murna. Na gaya masa ranar da na ce ba da yawuna ba, tsoro ne ya yi magana. Na ce ranar da na tsaya a ƙofa kuwa ba ni da abin faɗa, na yi kuskure, ya yafe mini.

Ya murza tawul ɗin. Ya ce, "Mama ta sha gaya mini al'ada ce. Na gane da kaina. Amma ina shekara goma sha biyu, Baba. Al'ada ba ta zuwa kallon wasa."

Sai na kawo abin da na shirya. Na ce, "Don ka san ba kuɗi ya kawo ni ba, zan rantse maka a nan, har in mutu ba zan karɓi ko kwabo..."

"Kada ka rantse." Ya ɗaga murya har abokansa suka juyo. "Na kawo kofi, ka ce in kai wa Mama. Na kawo maganar tafiya, ka kalli bango. Yanzu kuma kuɗina ba ka so. To, me kake karɓa daga hannuna? Ka zo ba ni haƙuri ne, ko ka zo ka wanke kanka?"

Ban taɓa kallon abin ta nan ba. Ni ina ganin rantsuwar ce babbar kyautata, ashe wata ƙofar ce zan sake tsayawa a bakinta. Sai bakina ya tambayi abin da ya saba. Na ce, "Kuɗin nan da ake faɗa, nawa ne naka ko da ka karye gobe?"

Ya kalle ni, sai ya fashe da dariya. Ya ce tunda labarin ya fita, mutum ɗari sun kira shi, ba wanda ya yi wannan tambayar. Talatin da shidan nan na jarida ne. Goma sha huɗu ne kawai aka lamunce masa ko ya yi wasa ko bai yi ba. Sauran sai ya ci gaba da zama a ƙungiyar, wani kuma sai ya buga wasanni kaza. A shekara ta uku in sun ga dama su sallame shi ba su biya komai ba. A cikin goma sha huɗun ma haraji zai kwashi kusan rabi, wakilinsa ya ɗauki nasa.

Na ce, "Wa ya karanta maka takardar?"

"Lauya biyu."

"Kai fa?"

"Sau uku, har ƙananan rubutun. Tun ina firamare Mama take ba ni labarin Alhaji Sule."

Na ce ya nuna mini gwiwar. Ya naɗe wando. Tabon ya yi tsawon tafin hannuna, ga ƙananan huda biyu a gefe. Na san irin ɗinkin nan, na tura ɗaruruwan masu shi, 'ya'yan wasu, ina ce musu sannu, ina gyara musu bargo. Na ɗora hannu na danna gefen ƙashin kamar yadda na ga likitoci suna yi. Na ce, "Da zafi?"

"In an yi sanyi."

"Man zafin da na kawo fa?"

"Na yi amfani da shi," in ji shi. "Kilishin ne na ƙi ci. Na kwana biyu ina fushi da shi, sannan na cinye."

Muka yi dariya, har na share ido da hulata. Da muka natsu na ce, "To, ga ni. Me za ka ba ni?"

Ya dube ni daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan takalmina da ke tsiyayar ruwa. Ya ce, "Lamba nawa kake sawa?"

A ranar ya saya mini takalmi a cikin gari, ya biya kuɗin abincinmu a Bristol Road. Hannuna ya tafi aljihu da kansa, ya harare ni, na mayar da shi kan tebur. Daga baya ya so saya mana gida a unguwar masu kuɗi, Rabi ta ce ita ba ta barin maƙwabtanta, sai aka sayi ƙarami a kusa, mai ɗaki a ƙasa saboda ƙafafuna. Na karɓa, na yi godiya da baki, na sa masa albarka yana ji. Mutanen Gwarzo kuwa an yi musu rijiyar, sauran na ce musu ni uba ne ba wakili ba.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Akwai ranar da zai kira mu yi minti biyu maganar ta ƙare, mu yi ta jin numfashin juna. Shekarun da na ɓatar ba za su dawo ba. Amma yanzu lambarsa tana wayata, da sunansa a rubuce.

In lokacin wasa ya zo, ranar Lahadi da yamma Desmond yakan zo da sandarsa ya mamaye kujerata a gaban talabijin. Ya gaji da koya mini dokokin, ya ce kaina dutse ne. Gaskiyarsa, har yau ban san dalilin da alƙalin wasa yake jefa ƙyalle ba, ƙwallon ma sau da yawa ba na ganin inda ta bi. Ni lamba sittin da bakwai, ta Mukhtar, nake bi a sahun gaba. Za a yi karo, ƙarti su zube a kan juna, Desmond yana ihu an ci ko ba a ci ba. Ni kuwa in riƙe numfashi ina kallon tarin mutanen nan suna tashi ɗaya bayan ɗaya, har in ga ya dafa ƙasa ya miƙe, ya taka ƙafar dama ba tare da ɗingishi ba.

Sannan in ce wa Rabi ta zubo shayi.